Tobon Motar Baba Orval

Tun kafin janwe ya sauke motar Baba a garejin Twila, yayana Garnet ya riga ya yanke hukunci.

"Baƙin mai ya manta bai duba ba," in ji shi. "Na faɗa miki, Noreen. Yau inji ne, gobe mutum zai take."

Shekarar Baba Orval saba'in da tara. Tun rasuwar Mama, Garnet ke neman a karɓe masa makullin mota a kai shi gidan tsofaffi a cikin gari. Mu a nan kudancin Saskatchewan ta ƙasar Kanada, inda maƙwabcinka mafi kusa yake mil shida, wanda aka raba da makulli an raba shi da gonarsa ke nan. Bara da na gaji da rigima, na yi wa Garnet alkawari cewa duk ranar da Baba ya yi mantuwar da ta jawo ɓarna, ba zan ƙara cewa uffan ba. Ga ranar ta zo, ni kuwa haushin bakina nake ji.

Da safiyar ranar Baba ya ɗauki maruƙa takwas a 'yar tirelar da motarsa ke ja zai kai kasuwar shanu. Fitar farko ke nan da babbar a-kori-kurar ta yi tun da sanyi ya wuce. Yana hawan tudun bayan gada sai inji ya ƙwalla ƙara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta koma tafiyar kunkuru. Sai da wani maƙwabci ya zo ya kwashe maruƙan.

Twila ta gaji garejin ne daga ubanta, kuma ba ta da lokacin kowa. Ta buɗe gaban mota, ta dubi Garnet.

"Malam, matsa min daga haske. In ka san cutar, me ya kawo ka asibiti?"

Ta zaro sandar awon mai ta goge, ta mayar, ta sake zarowa. Mai cif.

"Ai bayan ta lalace ya cika shi," in ji Garnet.

Baba yana zaune kan wata tsohuwar taya, hularsa a gwiwa. Bai tanka ba. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali, don Baba mutum ne da ke gardama da rediyo.

Twila ta tayar da inji na ɗan lokaci, ta kasa kunne, ta kashe.

"Inji lafiyarsa ƙalau. Tobo ne, mai tura masa iska. Abin da ya rage shi ne mu san me ya kashe shi. In ƙishirwar mai ce, sandar cikinsa za ta ƙone ta yi shuɗi, ta riƙa lilo. In ba haka ba, to wani abu ya haɗiya."

Ta kwance babban tiyon da ya taso daga matatar iska, ta haska da tocila, ta zura yatsa ta girgiza sandar tobon. Ba ta motsa ba. Amma farfelar gaba, fukafukanta duk sun lanƙwashe, biyu ma sun gutsure. Ta ɗauko filaya ta shiga tsamo wani abu daga tsakaninsu, zare-zare, ta ajiye a kan teburi. Ulu ne, toka-toka, da ɗan ja a baki.

"Wa ke ciyar da mota safa a gidanku?"

Wallahi ina ganin ulun na gane shi. Safar Mama ce, cikin waɗanda ta saƙa. Kowa a yankinmu yana toshe bututun iskar motar da zai ajiye a rumfa lokacin sanyi, saboda ɓeraye. Sukan sa tsumma ne a bakin waje, inda ido zai gani. Ni kuwa, da yake ɓeraye sun cinye matatar bara waccan, sai na yi wayo: na cire matatar gaba ɗaya, na cusa safa can cikin tiyo. Da ƙanƙara ta narke na zo na sa sabuwar matata, na rufe, na tafi ina yaba wa kaina.

Garnet ya riga ya juya wajen Baba. "Ka gani ko? Ka toshe, ka manta."

Baba ya ɗaga kai yana kallon ulun. Na ga yana lalube a cikin kansa, yana neman ranar da ya yi haka.

"Ni ce," na ce. "Ni na sa, ni na manta. Baba ko sani bai yi ba."

"Kina kare shi ne kawai."

"Yaya, hannun Baba zai shiga wannan tiyon? Dubi hannun, kamar shebur. Ɗayar safar ma tana aljihun rigar aikina, je ka duba in kana so."

Twila ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Shekararki nawa, Noreen? Hamsin da biyu? Garnet, a tambaya mana ko gidan tsofaffin nan suna da ɗaki na mata."

Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar ranar ba.

Kwana uku aikin ya ci. Twila ta sa sabon tobo, ta wanke duk hanyar iskar don kada ɓarɓashin ƙarfe ya kai ga inji, ta canza mai, ta ɗura wa tobon nasa kafin ta tayar. Ta ce Baba ya yi dabara da ya ɗaga ƙafa daga totur da jin ƙarar farko, da wani ne ya dage sai ya hau tudun, da yanzu inji muke nema. Ta faɗi haka da ƙarfi, a gaban Garnet. Shi kuwa ya ɓata rai ya ce yana da shinge da zai gyara.

Baba ne ya tuƙo mu gida. A kan tudun ya taka totur, tobo ya yi ɗan fito siriri, mota ta haye ba ko tari. Na sauke ajiyar zuciya, na fara ba shi haƙuri.

"Bari, 'yar nan," ya ce, idonsa a kan hanya. "Da yarinyar can ta fito da safar, na yarda ni ne. Na nemi ranar a kaina ban same ta ba, sai na ce to shi ke nan, abin ya zo, Garnet ya yi gaskiya. Da kin yi shiru minti ɗaya, da da kaina zan miƙa masa makullin."