Katin Bikin Taimur

Ranar da wata ƙasar Turai ta kori 'yan jaridarmu biyu, mahaifina, Abbu, ya kasa gama shayinsa. Shekara tara yana yi wa wani gidan rediyon ƙasar aikin tafinta a Islamabad. Yanzu majalisar ministoci ta rabu biyu: wasu na cewa a rama da korar 'yan jaridar Turawan kawai, wasu kuma sun dage a ƙwace takardar aikin duk ɗan ƙasa da ke yi musu hidima, a kai shi a yi masa tambayoyi.

"Ba a taɓa faɗar sunana a rediyo ba," in ji Abbu. "Wa ya san ni?"

Mahaifiyata, Ammi, ta ajiye masa katin bikin yayana Taimur a kan faranti. A nan Rawalpindi ba a buga kati ba tare da sunayen masu tarbar baƙi ba, kowa da muƙaminsa. Ga na Abbu da ruwan zinariya: Shafkat Abbasi, Babban Tafinta, har da sunan gidan rediyon.

"Babba ma!" Ammi ta ce. "Ku nawa ne tafintocin? Kai kaɗai!"

Ni na rubuta adireshi a ambulan ɗari uku, don an ce rubutuna ya fi kyau. Ɗaya daga ciki na Chacha Gulzar ne, wato Baffa Gulzar, abokin Abbu tun makaranta, wanda ke buga takardu a ofishin da aka ce ana haɗa jerin sunayen masu yi wa Turawan hidima. Karɓo katin gayyata bayan ka miƙa shi da hannunka daidai yake da yanke zumunci. Duk da haka da la'asar Abbu ya ce in ɗauki kwalin alewar jalebi mu tafi karɓo nasa. A hanya zumar alewar ta ɓata mini mayafi.

Chacha Gulzar ya sa aka kawo samosa, ya yi ta hirar wasan kurket.

"Mehwish, 'yata, har yanzu kina cinye littattafai?" Na gyaɗa kai. Sai ya juya. "Shafkat, tun muna aji uku kake son a ce da kai babba."

"Gulzar, me ministocin suka yanke?" in ji Abbu.

"Sun tashi baram-baram. Sai Litinin. Amma an ce mu tattaro sunaye ko ta ina, kada a makara."

Ya ciro katin daga bayan agogon bango, ya tura shi cikin jakata.

"Wannan bai iso gidana ba. Kuma kada ku nemi ganina a bikin." Idonsa ya yi ja. Shi ya raɗa wa Taimur suna.

A bakin ƙofa Abbu ya tambaye ni ko ina tuna sauran gidajen da muka aika wa katin. Na ce e, ina da su a littafina. Ya dubi rana, ya tsayar da mai keke.

"Fara da na kusa," ya ce mini.