Injin da Dole Ya Sha Mai

Garzali bakanike ya gama haɗa injin motar Malam Halliru a garejinsa na bakin gadar Wudil. Injin ba irin na kowa ba ne. Ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, kuma sai ana ɗiga masa baƙin mai yana ƙonawa, in ba haka ba ya cinye kansa. Ɗan famfon da ke ɗiga man ne ya mutu. Wanda Garzali ya samo a Kano bai zauna ba, sai da ya yanka masa mazauni da hannu.

Da ya tayar da injin, sai ga siririn hayaƙi daga salansa.

Tasi'u mai faci ya kwashe da dariya. "Oga, gyara ka yi ko turare ka kunna? Toshe famfon nan kafin mai mota ya iso. In aka ga hayaƙi, wa zai ƙara kawo maka aiki?"

Gaskiya Tasi'u ya faɗa. Garzali ya kama tiyon famfon, ya tsaya. In ya toshe, motar za ta fita fes, ta mutu nan da wata guda. Ya saki.

Malam Halliru ya iso, ya ga hayaƙi, ya ɓata rai.

"Malam, haka aka yi ta," in ji Garzali. "Duk wanda ya ce zai raba ta da shan mai, karɓi makullinka ka gudu."

Malam ya ce, "To wane irin mai zan riƙa saya?"