Umrar da Dawuda Ya Yi wa Janar

Kowa a unguwar Jarwal ta Makka ya san Dawuda mai tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa, amma ba kowa ya san ɗan wane ne ba. Ubansa Janar ne da ya taɓa riƙe wata ƙasa da bakin bindiga, har mutane ba sa iya tari sai sun waiga.

Da yaƙi ya ɓarke, Janar ya tura shi bakin daga don a ga shi ma ya ba da nasa. Abokan gaba suka kama shi. Suka aika cewa za su sake shi in an sako musu wani kwamandansu. Amsar ta zo ta rediyo, Dawuda na tsugune a keji yana ji: Janar ya ce ba ya ciniki da 'yan tawaye. Ya daɗe a hannunsu yana sussukar gero da haƙa masai, har haƙoransa na gaba suka zube. Da aka yi sulhu bai koma gida ba. Ya zo aikin Hajji, ya zauna.

Bara Janar ya mutu. Rabi'atu, ƙanwar Dawuda, ta hana shi sakat da waya.

"Yaya, kai kaɗai ke kusa da Ɗakin Allah. Ka yi wa Baba Umra. Ka san kayan da ya tafi da su."

Ya yi ta ja, ta yi ta kuka. Ranar wata Talata ya shiga tasin maƙwabcinsa Taha, haifaffen Makka, suka nufi Tan'im inda ake ɗaura harami. Ya yi wanka, ya ɗaura. Da ya zo niyya, inda ake ambaton wanda ake yi wa aikin, sai bakinsa ya ce, "A madadin Mai Girma Shugaban Ƙasa, Janar..."

Taha ya tuntsire da dariya. "Ya ammi, hina ma fi Janar. Baffa, a nan babu wani Janar. Sunansa kawai za ka faɗa."

Dawuda kuwa, tunda aka haife shi bai taɓa furta sunan nan tsirara ba, kuma tsoro ne ya kama shi, da furfurarsa da komai. Can ya ce, "Abdulrazak."

Ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi da ƙafafun da suka saba, aka aske shi. Yana fitowa wayar Rabi'atu ta shigo.

"Alhamdu lillahi! Yaya, ke nan ka yafe masa?"

"Na yi masa Umra, Rabi'atu," in ji shi, yana laluben takalminsa. "Wancan ba ya cikin aikin."