Mai Ƙirga Taurari da Carbi

A shekarar da aka fara sakin ruwan Bakolori cikin magudanai, aka ɗauki Falalu aikin tsaron wata ƙofar ruwa kusa da Birnin Tudu. Aikin ba wuya: ya buɗe da tsakar dare, ya rufe kafin kiran sallar farko. In ya wuce haka, ruwa zai tsallake kunya ya afka gonar Dikko, wanda bai fi kwana goma da dasa albasa ba, kuma ita ce abincin gidansa na shekara.

Wani safiyo mai awon ƙasa, sunansa Isa, ne ya sa wa Falalu ƙulafucin taurarin nan masu faɗuwa. Ya ce masa akwai dararen sanyi da sukan zubo da yawa, har wasu na ƙirga su.

Daren farko uku kacal ya gani, wuyansa ya ƙage.

"A tsaye ake kallon sama?" in ji Isa. "Kwanta rigingine."

Ya kwanta, ya ga tara. Amma duk wanda ya faɗo sai ya haska tocila ya ja layi a takarda, hasken ya kashe masa ido.

Isa ya ce, "Rabu da tocilan nan. Ido sai ya jima cikin duhu yake buɗewa. Kuma kada ka sauke shi ƙasa ko sau ɗaya."

Sai Falalu ya yi dabara. Ya ɗauko carbinsa, tauraro ɗaya, ƙwaya ɗaya. Abin da aka yi domin ambaton Allah, shi ya mayar abin ƙirga wasa, bai ko ji nauyi ba.

Daren nan sama ta yi ta zubarwa ta ko'ina. Ya tada kai da makullin ƙofar, ƙarfen da ake murɗa ta da shi, yana ja, leɓɓansa na motsi. Ya ji kiran salla daga gari, ya ce bari ɗaya ya ƙara faɗowa. Ɗaya ya zama goma.

Sanyin ruwa a diddigensa ne ya zaburar da shi. Gari ya fara wayewa. Inda gonar Dikko take, babu komai sai ruwa shimfiɗe, ganyen albasa na yawo a kai. Ga Dikko nan tsugune gefe, takalmansa a hannu.

"Innalillahi! Dikko, tun yaushe kake nan?"

"Tun kiran farko, Malam."

"Mi ya hana ka tashe ni?"

"Na iske ka cikin wuridi, ga makulli ƙarƙashin kanka. Wa ke katse mai ambaton Allah? Na yi gyaran murya sau biyu, na ce bari ka kai ƙarshen carbi."

Ƙarya ɗaya ta isa ta rufa masa asiri, amma harshen Falalu ya ƙi.

"Ba wuridi ba ne. Taurari nike ƙirgawa."

"Mi?"

"Taurari masu faɗuwa."

Dikko ya dubi carbin, ya dubi sama, ya dubi gonarsa. Takalman suka zame daga hannunsa.

"Taurari," ya ce a hankali. "Ni ina nan durƙushe ina cewa amin."

Ya miƙe ya shiga ruwan har gwiwa, yana tsintar dashen ɗaya-ɗaya yana zubawa a rigarsa, ko da yake ya san ba sauran mai kamawa. Falalu ya ruga ya rufe ƙofar. Bai iya juyowa ya dubi mutumin ba.