Ina Mijinki?

Ƙofa ta uku ke nan da aka rufe musu tun hantsi, amma Jibo dillalin gidaje bai fasa murmushi ba. Ya cire hularsa ya yi fifita da ita, ya dubi Asabe da ke tsaye a inuwar dogon yaro, goye da 'yarta.

"Kada ki damu, Maman Rumaisa. Mafara da faɗi take, ni ko ƙafata ba ta gajiya."

Daga ƙauyen Dosara Asabe ta taho. Bara ciwon ciki ya ɗauke mijinta, 'yan uwansa suka raba gona, ita kuwa ta tattara turminta da kaskon suyar ƙuli-ƙuli ta nufo birnin Mafara. Ba kuɗin haya ta rasa ba. Kowane mai gida sai ya gaisa da su har da tambayar gajiya da iyali, sannan ya kawar da kai ya ce, "Ina mijinki?" Daga nan zance ya mutu.

A bakin kasuwa suka haɗu da Dikko, abokin sana'ar Jibo. Da ya ji labari ya yi dariya, ya ba da shawara a ce mijin ya tafi ci-rani Kudu, kafin a gane ta riga ta shimfiɗa tabarma.

"Allah ya ɗauke shi," in ji Asabe a hankali, "ba ni tada shi da ƙarya."

Jibo ya ji ta burge shi. Ya ce wa Dikko shi ma bai taɓa sa mutum a ɗaki da ƙarya ba, kuma ba yau zai fara ba.

* * *

Daga nan sai wajen Alhaji Falalu, wanda gidajensa huɗu ke hannun Jibo shekara tara. Jibo ne ke samo masu haya, shi ke kiran magini idan bango ya tsage, shi ke sasanta rigimar rijiya tsakanin mata. Alhaji ya leƙo ta zaure ya daɗe yana kallon Asabe, sannan ya ja Jibo gefe. Ɗaki akwai, in ji shi, har ma da rangwame, muddin za ta riƙa zuwa gaishe shi ita kaɗai.

Jibo ya sa hannu a aljihu. Ya tuna buhun gero da Alhaji ke aiko masa duk azumi, ya tuna 'ya'yansa biyar da yake ciyarwa. Sai ya zaro tarin makullan gidajen Alhaji ya ajiye a kan tabarma.

"Alhaji, ɗaki aka ba ni amana in sa haya. Wanga ciniki ba nawa ba ne."

Da ya fito Asabe ta tambaye shi abin da aka ce. Ya amsa mata cewa ɗakin yoyo yake yi.

* * *

Bayan la'asar suka isa gidan Hajiya Nagode, wata tsohuwa 'yar Bakura da ta gina ɗakuna shida da kuɗin auduga. Ba ta tambayi miji ba. Ta sa hannu cikin kwanon Asabe ta ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya, ta gutsura da sauran haƙoranta, sannan ta dubi Jibo.

"Wadda ta iya wagga suya ba ta kwana waje. Ba ta ɗakin kusa ga nawa."

Jibo ya zauna ya rubuta takarda, ya karanta musu da ƙarfi: mai gida ba zai shiga ɗaki ba sai da sallama, gyaran rufi nasa ne kafin damina, ba kora sai da sanarwar wata uku. Hajiya ta ce a ƙara cewa ranar suya ita ce mai ɗanɗanawa. Suka kwashe da dariya, har Rumaisa ta farka a baya tana taya su ba ta san dalili ba. Suka dangwala yatsa.

Jibo ya kama hanyar shagonsa, aljihu sakayau, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Tun daga nesa ya hango mata biyu zaune a kan bencin ƙofar, ƙullin kayansu a gabansu, ɗaya tana shayar da jariri. Su ma ba miji tare da su; labarin ɗakin Asabe ya riga Jibo isowa. Da suka gan shi, suka miƙe tsaye.