Sakamakon Baba Isyaku

"Karanto min shi yadda aka rubuta," in ji Baba Isyaku. "Kar ki rage komai."

Radiyya na durƙushe a bakin tabarmarsa, ta gama kwance masa abin awon hawan jini ke nan. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da nasa a Sabon Garin Wudil. Kullum kafin ta wuce firamaren da take koyarwa sai ta shigo ta auna shi, ta shigar da lambobin a manhajar da babban ɗansa Jibril ya buɗe wa iyali. Duk gwajin da aka yi a asibitin Kano nan yake faɗowa. Jibril na gani daga Kaduna, ƙanwarsa Lubna na gani daga Gombe, Radiyya na gani. Mai ciwon kaɗai ba ya gani, don ƙaramar waya gare shi mai madannai.

Shekaranjiya sakamakon hoton ciki ya fito. Ko minti goma ba a yi ba saƙon Jibril ya biyo baya: kada kowa ya gaya wa Baba.

"Baba, Yaya Jibril ya ce a dakata tukuna," ta ce. Ba ta iya yi masa ƙarya ba.

"Na sani. Jiya sau huɗu ya kira ni, yaron da sai Juma'a nake jin muryarsa. Kira min shi."

Ta kira, ta buɗe murya. Inna Hansai, matarsa, ta bar wankin da take yi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Sai da suka gaisa tsaf, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce, "Jibril, sunan wa ke saman takardar nan?"

"Naka ne, Baba."

"Cikin wa aka haska?"

Baba bai jira ba, ya ci gaba.

"Shekara arba'in ina gyara wa mutane injin ban-ruwa a bakin kogin nan. Ban taɓa buɗe inji na ɓoye wa mai shi abin da na gani ba. Na san tausayina kake ji, Allah ya yi maka albarka. Amma ka ba yarinyar nan izini, kar ka sa ta a tsakiya."

Jibril ya ce, "Radiyya, karanta masa."

Da Turanci aka rubuta. Tana karantawa tana mayarwa Hausa, layi bayan layi. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu. Likita ya ce aikin tiyata ba zai yi amfani ba, sai dai a kula da rage masa zafi. Ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba. Baba ya yi salati a hankali, ya dubi matarsa, ya ce, "To, kin ji, Hansai."

"Akwai saura a ƙasa," in ji Radiyya.

Layi biyu ne, kuma babu wanda ya kai gare su a cikin 'ya'yan, don duk wanda ya ga kalmar daji nan yake ajiye wayar. Likita ya rubuta cewa ƙwayar cutar hanta ce asalin abin, irin wadda mutum kan ɗauka tun yana jariri ya rayu da ita bai sani ba. Ya ba da shawarar a gwada matarsa da 'ya'yansa da waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi.

Baba ya gyara zama. "Maimaita."

Ta maimaita.

"Da kun ɓoye min, da wa zai sa ku ku je? Jibril, kana ji? Gobe ka je a gwada ka, kai da yaranka. Ka gaya wa Lubna. Ke kuma Radiyya, ki ce wa maigidanki ina neman aron motarsa ranar Asabar. Ɗankaza za ni."

Inna Hansai ta ɗago kai. A Ɗankaza ƙaninsa Auta yake, kuma shekara shida ba su yi wa juna magana ba saboda iyakar gona.

Radiyya ta bi su ranar Asabar. Sun tarar da Auta a gindin mangwaro yana ɗaure damin dawa. Da ya ga yadda wansa ya rame, igiyar ta kuɓuce masa. Baba bai tada zancen gona ba. Ya ce, "Auta, uwarmu ɗaya. Zauna ka ji abin da aka gani a jikina, don ya shafe ka." Radiyya ta sake karantawa. Auta ya saurara har ƙarshe, ya share fuska da hularsa, ya ce, "Yaya, ranar Litinin zan shigo Wudil."

Ya kuwa shigo, da 'ya'yansa biyar. Sakamako ya riƙa faɗowa a manhajar ɗaya bayan ɗaya, kowane sai mai shi ya yarda sannan a karanta wa Baba. Jibril ba shi da ƙwayar. Inna Hansai ma haka. An samu ƙwayar a jinin Auta da na Lubna, amma hantarsu lafiya lau, aka ɗora su a kan kulawar likita, sauran aka yi musu rigakafi. Lubna ta kira tana kuka. Baba ya ce, "Kukan me? Ke an gani da wuri. Ki riƙa karanta takardarki da kanki, har ƙasa."

Ya yi sati bakwai bayan nan. Ya sa aka kira masu injuna uku da ke zaurensa, ya gaya wa kowa abin da ya rage a nasa da wanda zai kai wa. Da Jibril ya zo da maganar wani asibiti a Abuja, Baba ya ce a karanta masa abin da za su yi. Ya ji, ya ce a bar shi a ɗakinsa. Jibril ya ɗauki hutu ya zauna tare da shi.

Ranar wata Laraba da hantsi, Radiyya na cikin aji aka aiko mata. Ta tarar Auta ya riga ya shafe masa idanu, Jibril na riƙe da hannunsa. Kafin azahar aka kai shi.

Washegarin sadakar uku, baƙi sun ragu, ta shiga gaida Inna Hansai. Ta same ta a bakin randa ta cika buta biyu, tata da ta Baba, kamar yadda ta saba. Inna ta ɗauki ɗaya ta zagaya bayan ɗaki. Ɗayar tana nan a kan dakali, ruwan da ya zuba a gefenta yana bushewa a rana.