Gaisuwar Bunu Ga Mutanen Kaduna

Shekara huɗu na yi ina bin motar majigi ƙauye-ƙauye a ƙasar Haɗeja. Aikina in tsaya gefen farin ƙyalle in riƙa gaya wa mutane abin da idonsu yake gani. In hoto ya nuna mace tana tafasa ruwa, sai in gyara murya in ce, "Ga ta nan tana tafasa ruwa." A kan wannan zurfin ilimi ake kirana Malam Ari. Mahaifina Bunu kuwa, wanda ya shekara arba'in yana su a fadamar Guri, bai taɓa kiran abin da nake yi aiki ba. In an tambaye shi sana'ata sai ya ce, "Inuwa yake yi wa tafinta." Abin yana ci mini rai ƙwarai, don dai ba a musu da uba ne.

Da kakar 1957 Baturen da nake yi wa aiki, wanda muke kira Mai Lofe, ya tashi komawa gida. Ya bar mini wata tsohuwar kyamara da naɗin fim uku. Ya ce da bazara za a yi bikin nuna fasaha a Kaduna, har da gasar gajerun fina-finai na waɗanda ba gwamnati ce ta sa su ba, in gwada sa'ata. Kyamarar wana ta ake yi kamar agogo. In ta cika sai ta yi gurnani na rabin minti ta tsaya, sai an sake wanawa. Ba ta ɗaukar murya. Kowane naɗi minti uku ne, kuma abin da ya shiga ya shiga, ba a gogewa.

Ban yi dogon tunani ba. A duk yankinmu ba wanda ya kai Baba iya hawan gora. Yakan kifa cikinsa a kan ƙaton gora, homar kamun kifi a kowane hannu, ya yi ta yawo a ruwa yana tsamo kifi yana jefawa a cikin goran da yake kai. Na ce shi zan ɗauka. Kaduna ta gan shi ta hannuna, labari ya dawo masa, in ga ko bakin nan nasa zai iya furta kalmar aiki.

Ya saurare ni yana gyaran homa, bai ɗago kai ba.

"Su wa za su gani?"

"Manyan mutane, Baba. Malamai da Turawa da ma'aikata."

"Su za su gan ni? Ido da ido?"

"Kamar suna tsaye a nan gabanka."

Da na san abin da wannan amsar za ta jawo mini, da na ce masa jakuna ne za su gani.

Ranar ɗauka, da hantsi, ya fito bakin ruwa cikin rigarsa ta Juma'a. Sai da na yi kusan sa'a guda ina lallashi kafin ya cire ta, hula kuwa ya ce ko Razdan bai isa ba. Na kafa kyamara, na wana, ya ɗauki gora ya nufi ruwa. Na danna. Yana jin gurnanin sai ya ajiye goran, ya juyo, ya dafa ƙirji.

"Salamu alaikum," in ji shi, ya dakata. "Barkanku da war haka." Ya dakata. "Ina gajiya? Ina iyali? Yaya ruwa a wajenku?" Bayan kowace tambaya sai ya ɗan karkata kai, ya bar musu wurin amsawa. Yana kan tambayar lafiyar yara kyamara ta tsaya.

Na ce, "Baba, ruwan za ka shiga."

"Zan shiga. Kai ka ce baƙi suna kallona. Ni Bunu in juya wa baƙo baya ban gaishe shi ba? Me za su ce game da wanda ya haife ni?"

"Ai ba ta ɗaukar murya, Baba."

"Kai ai ka ji," in ji shi. "Wana."

Na wana. Ya ce tunda abin ya yanke masa magana, rashin ladabi ne ya ɗora daga tsakiya, ya koma kan sallama. A karo na uku ya kai ga tambayar dabbobi. A na huɗu ya kammala, har na fara murna, sai ga ƙaninsa Kawu Mala ya iso a kwalekwale, ya ji cewa ana gaisawa da Kaduna kyauta. Shi ma ba a ce masa a'a. Kafin azahar masunta goma sha ɗaya sun yi layi. Inna Gumsu ta bar kifinta a kan banda ta zo, domin ɗanta yana aikin jirgin ƙasa a can, kuma ta haɗa da saƙon cewa akuyarsa ta haihu.

A wanawar ƙarshe ta naɗi na uku Baba ya shiga ruwa. Ya hau gora, ya buɗe homa, na ga abin da na zo nema a gabana. Sai ya tuna bai yi ban kwana ba. Ya juyo da goran, ya ɗaga hannu yana yi musu fatan sauka lafiya, fim ya ƙare. Kifi ɗaya ne tak a cikin minti tara, shi ma wani zalɓe ne ya kama shi can a baya.

Kwana biyu ban ci tuwon gidanmu ba don haushi. Duk da haka na aika fim ɗin Ikko aka wanke, ya dawo bayan wata biyu. Na riga na cika baki a gari, ba damar fasawa. Na hau jirgi a Malam Madori, fim a cikin gwangwani a ƙarƙashin rigata.

A Kaduna an tara mutum wajen ɗari biyu a wani zaure, da la'asar, an saki labule. Alƙalai uku ne: wata Baturiya mai tabarau, da wani Bature da ya yi kwana biyu a kwalekwale ya zama masanin mutanen kogi, da wani ɗan'uwanmu ma'aikaci wanda ya shaƙe wuyansa da laktaye. Aka nuna fim ɗin wani akawu a kan sabuwar gada, gadar tana tsaye har aka gama. Aka nuna na wani Bature, karensa yana iyo. An tafa wa karen sosai.

Sai nawa. Na tashi na tsaya gefen ƙyallen, wurin da na saba tsayawa. Fuskar Baba ta cika bango, da hula, hannu a ƙirji. Bakinsa ya motsa, ya dakata, ya karkata kai. Ni ina karanta kowace kalma a leɓensa, amma na yi gum, kunya ta kama ni. Ina jin wasu a baya suna dariya ƙasa-ƙasa.

Baturiyar ta tambaya da Turanci, "Me tsohon yake cewa? Kuma me ya sa yake tsayawa kamar mai sauraro?"

Kafin in buɗe baki masanin ya riga ni. Ya ce ai wannan sananne ne, masunci ne yake roƙon iskokin ruwa kafin ya shiga, yana jiran su amsa. Sauran da suka yi layi mabiyansa ne, tsohuwar kuwa tana alkawarin yanka, shi ya sa take kwatanta akuya da hannu. Dariya ta ɗauke. Duk suka juyo suna dubana da irin kallon da ban taɓa samu ba a shekara huɗu.

Na ce, "Haka ne."

Baba, mutumin da tabon sujada ya yi baƙi a goshinsa, wanda ko ambaliya ba ta hana shi asuba a masallaci, na mai da shi mai bautar iskoki da kalma biyu. Har ƙari na yi. Na sanya wa iskokin suna, na faɗi launin akuyar da suke so. Mai laktayen nan ya san sarai abin da tsohon yake cewa, leɓe ba ya ɓoye sallama ga Bahaushe, amma sai ya ga takalmansa sun fi komai ban sha'awa. Kare ya zo na ɗaya, ni na biyu. Aka ba ni takarda mai gefen zinariya, an rubuta sunana da sunan da suka raɗa wa fim ɗin, wato roƙon iskokin kogi.

Da na koma gida na iske Baba da hantsi a gindin gawo yana ɗinkin homa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takardar. Ya goge hannu a wando, ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana duban zinariyar. Bai tambayi abin da aka rubuta ba, na gode wa Allah da bai yi boko ba.

"Sun gan ni?"

"Sun gan ka, Baba."

"Da hular?"

"Da ita."

Ya gyaɗa kai. "Sun amsa?"

Na yi ƙarya a gaban mutum ɗari biyu ban ko ƙifta ido ba, amma a gindin gawon nan ta ƙi fitowa. Na ce, "Ba su ji ba, Baba. Na gaya maka ba ta ɗaukar murya."

"Na sani. Shi ya sa na yi a hankali, ina tsayawa, don ka riƙe duka." Ya ɗago ya dube ni, ba faɗa a fuskarsa, da gaske yake tambaya. "Ai wannan aikinka ne, Ari. Ka isar?"

Shekara huɗu ina jiran kalmar nan daga bakinsa. Ta zo, ta same ni ba ni da abin karɓarta.

Ya jira kamar yadda ya jira mutanen Kaduna, kansa a karkace. Da ya ga ba amsa sai ya miƙo mini takardar, ya ce in riƙe masa bakin homar, zaren yana zamewa.